Ranakun da suka fi muni ko shekara guda cur?

Mai kwaikwayon gurɓatar iska a kwamfuta dole ya zaɓi lokacin da zai auna. Wasu kan ɗauki 'yan kwanakin da iska ta tsaya cik, rana ta ƙwalle, ozon, wani gas mai cutar da huhu, ya yi tashin gwauron zabo. Aikin na da sauri, kuma a irin ranakun ne masu asma ke shan wuya. Sai dai hayaƙin da iskar wata kusurwa ke kawowa ba zai bayyana ba, sai a ɗora wa masana'anta ɗaya laifin da ba nata kaɗai ba.

Shekara guda kuwa tana wahalar da kwamfuta, amma tana kama hunturu, lokacin da iska mai ɗumi da ke sama ke danne ƙurar PM2.5, wato ƙura mai matuƙar ƙanƙanta, kusa da ƙasa. In ƙura ake bi, shekarar nake zaɓa.