Na rufe ƙofa mutum bai shiga ba

Shekarata uku ke nan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina yi wa 'yan kasuwarmu dillancin kaya, kuma da makon jiya aka tambaye ni, da na bugi ƙirji na ce hannuna ya faɗa da rubutun Sinanci. Sai ranar Talata na je wani ofishin aika kaya kusa da unguwar Xiaobei, aka miƙo min takarda in cike. Na zo kan harafin 国, wato ƙasa, na zana akwatinsa tsaf, sannan na cusa na ciki. 'Yar mai ofishin, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, tana gefe tana aikin makaranta. Ta leƙo, ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata.

"Baffa, ka rufe ƙofa mutum bai shiga ba!"

Ma'aikata uku suka taso kallo, ni ga furfura a gemu. Ta karɓi birona ta ja bangon hagu, ta ja na sama ta karyo shi ƙasa ta dama ba tare da ta ɗaga hannu ba, ta zuba na ciki, sai can ƙarshe ta shimfiɗa layin ƙasa. Ja takwas cif. Abin haushin, nata ya zauna daram, nawa kuwa kamar rumfar da iskar bazara ta tura.

Ashe zancen ƙofar nan ba ita ta ƙirƙiro ba, haka ake biya musu tun aji ɗaya: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, kwantaccen layi kafin tsayayye kamar a 十, na tsakiya kafin na gefe kamar a 小. Ko 口, baki, da nake yi wa ja huɗu, uku ne. Abin har hukuma ta shiga, a 1997 ta fitar da jerin yadda ake jan haruffa 7,000 ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane dalilin da wayata ke yawan kawo min harafin da ban nema ba idan na rubuta da yatsa. Ina ta zagin waya, ashe laifin yatsa ne.

A daren na shiga Taobao, kasuwarsu ta intanet. Littafin koyon rubutu mai gida-gida, kowane gida an raba shi huɗu kamar harafin 田, damin goma bai kai kuɗin kwanon taliya ba, kuma takardar ba ta jiƙewa tawada ta ɓullo ta baya. Na haɗa da wani ƙyalle da ake rubutu a kai da ruwa zalla: yana yin baƙi ƙirin, bayan 'yan mintoci ya bushe ya ɓace. Kwana biyu kaya suka iso. Mai shagon ta biyo ni da saƙo wai ɗana aji nawa yake. Ban amsa ba. Tun daga ranar tallan jakar makaranta da fensir mai kan zomo bai bar ni na sake ba.

Ƙyallen nan ne ya karya min zuciya, don allo ya tuna min. Zaure, hayaƙin kara, malam ya damƙe hannuna da alƙalamin gamba a ciki, tawadar gawayi da ƙaro, muna ba, sin, mim ara. Shi ma bai yarda ka fara baƙi ta inda ka ga dama ba, in ka yi sai ka wanke ka sake. Mu da muka taso a haka, yau yaro zai gama firamare da rubutu kamar kaza ta yi tono, uba ya duba ya ce ai yana karantuwa. Littafin rubutun da na saya wa yarana da na je gida hutu, yawan ganyen da aka buga a bango daban, ganyen da na ƙirga daban. Biro kuwa sai an hura masa iska an goga a tafin takalmi kafin ya yarda ya kawo.

Jiya na koma ofishin da littafina. Malamar tawa ta duba da jan biro, ta ce ƙofa ta gyaru. Sai ta tsaya kan 火, wuta, ta girgiza kai: na fara ta tsakiya, alhali tartsatsin gefe biyu ake fara sawa. Na ce ba ke kika ce tsakiya kafin gefe ba? Ta ce wannan daban ne, in rubuto shi sau ashirin.