Ɗaki a tsakar gida ko bene a sama? Amsa ga ɗan'uwanmu na Gadarif

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana aiki a Jidda, gidanku na gado yana Gadarif a gabashin Sudan, ɗaki uku ne na jan bulo da rufin kwano, ga rakuba, wato rumfa, a tsakar gida. Tun da yaƙi ya taso da dangi daga birnin Madani a watan Disamba na 2023 gida ya cika, ga shi kuma ƙaninka zai yi aure. Kana tambaya: a ƙara ɗaki biyu a ƙasa, ko a zuba dekin a hau sama, kuma yaya za ka tsara kuɗin? Allah ya sa albarka a wannan niyya.

Ni dai a ganina, kafin aljihunka ya yi magana, ƙasar da gidan yake kai ita ce za ta fara yanke hukunci. Gadarif baƙar laka ce. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige. Duk shekara sai ta ɗaga gini ta sauke, shi ya sa za ka ga katanga ta tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa ko da maginin bai yi ha'inci ba. Tsohon gidan da aka yi don ya ɗauki kwano da katako, tushensa ba a yi shi don ɗaukar bene ba. Ga lissafi mai sauƙi: ɗaki mai mita 4 sau 4, idan aka zuba masa dekin mai kaurin santimita 15, kankare ne kubik mita 2.4, nauyinsa ya kusa tan 6. Ba a sa bangon sama ba, ba a sa mutane da kayansu ba. Siminti kuwa, a kan buhu 7 ga kowane kubik, dekin ɗaki ɗaya kaɗai zai ci wajen buhu 17.

To idan ka zaɓi sama, ka sani ba ɗaki biyu kake saye ba. Za a haƙa sababbin ramuka a gefen tsohon bango, a nutsa ƙwarai don a wuce inda laka take motsi, a tayar da ginshiƙai na rodi da kankare, a ɗaure su da bim, sannan a yaye kwanon da ke kan iyali a zuba dekin. Katakon da ya tallafi dekin sai ya yi mako biyu zuwa uku kafin a cire, kankare kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A ina su Inna za su kwana a wannan lokacin, a gidan da tun farko cunkoso ne ya kawo maganar? Ga matakala, wadda ita ma sai ta ci wuri a tsakar gidan da kake son tserarwa. Ga ruwa. Mutanen Gadarif ba sa bukatar a gaya musu tsadar ruwa. Tun daga garin Shuwak ake jawo shi, kuma da rani ganga-ganga ake saye a wajen masu karo, wato amalanken jaki. Dekin yana son a riƙa shayar da shi aƙalla mako guda. Mutane da yawa ba sa sa wannan a lissafi, sai leburori su rage ban ruwa, bayan shekara biyu rufi ya fara yoyo. Akwai kuma maƙwabta: tagar bene tana kallon tsakar gidan wani, inda matansa suke girki suke kwana a fili lokacin zafi. Gara ka je ka yi musu magana tun kafin a kafa ginshiƙi.

Abin da bene yake ba ka, gaskiya, ba ƙarami ba ne. Tsakar gida tana nan yadda take, wurin shimfiɗa gadaje da dare, wurin suna da zaman makoki. Amarya ta samu sirrinta, gida kuma ya ƙara daraja. Amma wannan aikin injiniya ne, ba na usta, wato babban magini, shi kaɗai ba, kuma sai an nemi izinin gini da takardar filin a hannu. Tunda gidan gado ne, a tabbatar magada sun amince a rubuce kafin ka zuba guminka na shekaru a kan rufin da ba naka kai kaɗai ba.

Ƙara ɗakuna a ƙasa kuma ya fi sauƙin bayani. Tushe mai kyau, bim a ƙasa ya ɗaure bangon, jan bulo, kwano da silin saboda zafi. Kada a manna sabon bango da tsohon. A bar ɗan tazara a tsakani, don idan ƙasa ta motsa kowanne ya motsa shi kaɗai. A yi dabe a kewaye ginin mai gangara waje, ruwan sama kada ya kwanta a gindin bango. Iyali suna zaune a ɗakunansu har a gama. Asararsa ita ce fili, kuma idan za a ƙara banɗaki, a duba ko ramin da ake da shi zai ɗauka.

Babban bambancin a wajen kuɗi shi ne wannan: gini a ƙasa yana yarda a tsaya. Ka gama ɗaki ɗaya, ka rufa, ka sa ƙofa, a shiga, na biyu ya jira. Bene ba ya yarda. Ranar da aka yaye kwano, dole kuɗin rodi da siminti da tsakuwa da yashi da na ma'aikata su kasance a hannu gaba ɗaya. Albashi ya yi jinkiri wata biyu a Jidda, damina ta iske gida a buɗe.

Batun kasafi, kada ka rubuta shi da jine, kuɗin Sudan. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta mayar da dala daga jine 55 zuwa 375 a rana ɗaya, kafin yaƙin Afrilu na 2023 tana wajen 600, a 2024 ta haura 2,000. Riyal kuwa yana nan a 3.75 kan dala tun 1986. Don haka ka sa usta ya rubuto maka adadin kaya: bulo dubu nawa, siminti tan nawa (buhu 20 ne tan ɗaya), rodi nawa, kwano nawa, yashi mota nawa. Kuɗinka ya zauna a riyal, ka riƙa turawa ta Bankak, manhajar banki ta waya, daidai abin da za a saya a makon. Rodi da kwano da bulo da ƙofofi ana iya saye a ajiye. Siminti ban da shi, bayan wata uku ya fara daskarewa, balle a ɗakin da danshi yake shiga. Farashinsa kuma yana bin kuɗin mota, domin manyan masana'antun suna can Atbara da Barbar, ka tambayi farashin Gadarif, ba na bakin masana'anta ba.

Kuɗin aiki a yi shi mataki-mataki: tushe, bango, rufi, yaɓe. Kowane mataki a biya bayan an gama, wani dattijo na gida ya duba da idonsa, hoton WhatsApp ba ya nuna zurfin rami. Ni nakan ce a ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a gefe, bene kuwa ya fi haka, don ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin tsohon bango sai an haƙa. Lokaci ma kuɗi ne. Daga Yuli zuwa Satumba laka ba ta barin mota ta shigo unguwa, a Oktoba kuma leburori sun tafi yankan riɗi, daga nan sai girbin dawa, ladansu ya hau. Bayan an gama girbi, kafin zafin Afrilu ya tsananta, shi ne lokacinka.

Da ni ne, zan gina biyun a ƙasa, amma in sa injiniya ya tsara musu tushe da ginshiƙai masu ɗaukar bene tun yanzu, a rufa da kwano. Ƙarin rodi da simintin da za ka biya yau ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan fasa gini gobe. Turo mana faɗin filin da inda ramin banɗaki yake, sai a ga ko ɗakunan za su zauna ta gabas ko ta kudu.