Na gwada farin khal a kan shawata da ta toshe

Wallahi saura kaɗan in jefar da kan shawar nan in sayi sabo. Ramuka sun fi hamsin a jikinsa amma waɗanda ke fitar da ruwa ba su kai rabi ba, su ma ɗin kowanne da inda ya nufa, wani ya harbi bango wani ya tsole maka ido. Ruwanmu irin mai nauyin nan ne da sabulu ba ya son yin kumfa a ciki, kalsiyam da maganiziyam sun yi masa yawa, to idan ya bushe sai ya bar farin abin nan kamar alli ya daskare a bakin ramukan.

Da farko wani maganin feshi na saya na wanke banɗaki, ba zan kama suna ba. Na fesa na fesa, kafin ya yi wani aiki ya gama ɗiga ƙasa. Waje ya yi ƙyalli, ciki kuwa yana nan yadda yake.

Sai na koma kan farin khal, wato finiga, na kwalba wanda aka rubuta kashi 5 cikin 100 a jikinsa. Na ga mutane suna zuba shi a leda su ɗaure a kan shawar da roba, na gwada, ledar ta sulluɓe khal ɗin ya wanke min ƙafa, abin haushi abin dariya. Daga nan na kwance kan gaba ɗaya na tsoma shi a ƙaramin bokiti, ko minti biyu ba a yi ba na ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ramukan, ashe tsamin ne ke cin allin. Na bar shi wajen awa uku, na goge da tsohon buroshin haƙori, ramukan da suka yi taurin kai na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Akwai kuma wata 'yar raga a ciki daidai inda yake haɗuwa da bututu, da na zaro ta sai da na ce tir, duk ta cushe da tsakuwoyi farare, ina ga rabin matsalar a nan take.

Da na mayar na kunna, ruwa ya zubo da ƙarfi har na ja da baya.

Amma fa warin khal ɗin ba daɗi, sai da na bar taga a buɗe har dare. Kuma nawa mai ruwan azurfan nan ne shi ya sa na bar shi ya jima, idan naku mai ruwan gwal ne ko tagulla kar ya wuce rabin awa, zai dusashe. In kuna da marmara a banɗaki kar ya ɗiga a kai, yadda yake cin allin haka zai ci ta. Bilic kuwa kar ku kuskura ku haɗa shi da khal, iska mai guba suke fitarwa, wannan ba wasa ba ne. Masu cewa a zuba garin bekin soda a cikin khal ɗin ni ban yarda ba, kashe tsamin yake yi, kumfar kawai ke burge mutane.

Bayan wata biyu farin ya fara leƙowa kuma, tunda ruwan bai canza ba. Yanzu duk ƙarshen wata nake tsoma shi na rabin awa, kwalbar ma har yau ba ta ƙare ba.