Winci mai araha: me ya kamata ka fara canjawa?

Winci, wato injin jan igiya da ake ɗaura wa mota, ko mai araha ne yana fitar da ita daga taɓo, in dai tun farko ba ƙarami aka saya ba. Ƙa'idar da masana'antu ke bayarwa ita ce ƙarfinsa ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. Motar da ke da kilo 2,800 in an loda ta tana buƙatar mai jan kilo 4,200, wato wanda ake rubuta wa fam 9,500. Sai dai wannan adadi na kwali na layin farko ne na igiya a jikin gangar da take naɗuwa a kai. Duk layin da ya hau kan wani, ƙarfin raguwa yake.

Yawancin mutane igiya suke fara canjawa, don ita ido ke gani. Ni kam da akwatin wuta zan fara. Masu araha da dama suna zuwa da ƙananan solinoyid (makunnan da ke sakar wa moton winci wuta) da ruwa ke shiga, bakinsu ya yi tsatsa, ka danna rimot ka ji ƙas-ƙas ganga ba ta motsa ba. Wani lokacin ma ya liƙe, winci ya ci gaba da ja bayan ka saki. Kontakta, wato babban makunni rufaffe, irin na kamfanin Albright, ya fi su juriya nesa ba kusa ba. Ka haɗa da waya mai kauri, ta asin ɗin ta koma kai tsaye kan batir, domin winci mai bolt 12 yana iya zuƙar sama da amfiya 400 in aiki ya yi tsanani. Siririyar waya zafi kawai za ta ɗauka.

Sai igiya. Ta ƙarfe tana jure gogar dutse da zafi, amma tana da nauyi, tana tsinkewa sili-sili ta soki hannu, kuma in ta katse a ɗaure tana dawowa kamar bulala. Ta roba, irin Dyneema, ba nauyi, tana yawo a kan ruwa, ba ta kuma dawowa da irin wancan ƙarfi. Matsalarta yashi da rana da zafi. A yawancin ƙananan winci birki yana cikin ganga, in ka daɗe kana sakin igiya da nauyi a kanta gangar za ta yi zafi ta raunana layin ƙasa. Mai yawan shiga laka da ruwa ya ɗauki ta roba, ya sa mata santsin bakin alminiyam a inda igiya ke fitowa, kada ya bi da ita ta tsohuwar rolar da ƙarfe ya riga ya kakkarce. Mai aiki cikin duwatsu ya zauna da ta ƙarfe, ya sayi safar hannu ta fata.

Fuli kuwa, wato gargaren da ake zagayo da igiya ta kansa ta dawo jikin mota, shi ne mafi arha a cikinsu duka. Yana kusan ninka ƙarfin ja, gudu ya ragu rabi, moto ya sami sauƙi.

Ko kwali ya ce IP67, wato alamar jure ƙura da ruwa, bayan an ratsa ruwa mai zurfi a buɗe gefen giya a duba. In giris ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a wanke a sa sabo. Duk wata a warware igiya a sake naɗe ta da ɗan nauyi, injin mota a kunne, a bar aƙalla zagaye 5 na ta ƙarfe ko 10 na ta roba a jikin ganga.