Wata takwas da Corolla a hanyar Makka zuwa Madina

Wata takwas ke nan da na sayi Toyota Corolla ta hannu, kuma kusan duk wata sai na yi Madina sau biyu, don can yayata take aure. Motar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Kwandishan ɗinta na sanyi ko da rana ta take, kujerun ba sa gajiyar da baya. Amma maganar shan mai ce ta sa na zauna rubuta wannan, don 'yan'uwa a Shari Mansur, a nan Makka, sun dame ni da tambayar yadda take shan mai a wannan hanya.

Amsar ita ce, ƙafarka ce ke yanke hukunci. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa kilomita 140 a awa a hanyar Hijira, wato babbar hanyar Makka zuwa Madina, mu kuwa sai muka ɗauki 140 ɗin kamar farilla. Da farko haka nake yi, in taka totur har allura ta zauna a kai, idona na kan kyamarorin Sahir masu kama masu wuce iyakar gudu, kada mukalafa, wato tara, ta shigo waya. Allon motar ba ya wuce kilomita 12 zuwa 13 a lita.

Kawuna ne ya sauya mini tunani. Tsohon direba ne, ya shekara da shekaru yana jigilar alhazai. Wata rana mun baro Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina, da harami a jikinmu, ya ɗora hannu a gwiwata ya ce, "Ɗana, sassauta. Iska kake saya wa fetur." Na ce, "To, Kawu," na saita na'urar riƙe gudu a 110. Kafin mu yi nisa lambar ta fara hawa, har ta tsaya wajen 17. Na sake gwadawa zuwa da dawowa, don kada in ce gangara ce ta taimaka, sakamakon bai sauya sosai ba.

Gaskiyar Kawu ce. Turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkawa take yi: abin da mota ke turewa a 140 ya kusa ninki biyu na 100. Injin kuwa da fetur yake biyan wannan.

A tafiyar kilomita 400 da 'yan kai, ina rage kusan lita tara. Da fetur 91 a riyal 2.18, wajen riyal 20 ne. Wani zai ce bai taka kara ya karya ba, ga shi ka ƙara kusan minti 50 a hanya. Ni dai na fi so in sauka Madina kafaɗata ba ta ƙage ba, kunnena ba ya ƙugi. Sai dai ka bar layin hagu, don masu sauri za su haska maka fitila har ka tsani kanka.

Mai neman mota don wannan hanya, Corolla ta isa. Yanzu 115 nake saitawa in ni kaɗai ne, 110 in da Kawu a gefe.