Daga Hamburg: Maganar fitilar zenon da Yaya ya ce in aiko

Yaya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara baki ɗaya. Saƙonka ya iso, har da hoton fitilar nan mai shuɗin haske da ka gani a motar abokin aikinka, wadda kake so in saya maka a nan in haɗa da kayan kwantena. Ba zan aiko da ita ba, kuma ina so ka ji dalilina filla-filla, don na san ba kwalliya kake nema ba. Mutumin da ke baro Zariya bayan isha'i ya nufi Kano, ga ramuka, ga tirela ta lalace an bar ta a kan kwalta da ɗan ganye a baya, abin da yake so shi ne ya hango gabansa. Na sa amsar a fili ne saboda mutanen gida da yawa suna yi mini irin wannan tambaya.

Abin da ke cikin kwalin zenon ɗin da ake kira HID ƙwai biyu ne, da 'yan akwatunan ƙarfe biyu da ake ce wa balas, da wayoyi. Ƙwan halojin da Golf 4 ɗinka ta zo da shi, wato H7, yana da ɗan siririn zaren ƙarfe a ciki, wuta ta bi ta kansa ya yi zafi ya ba da haske. Yana cin wat 55, haskensa ya kai lumen 1,500 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Ƙwan zenon ba shi da zare, wuta ce ke tsallakawa tsakanin tsinin ƙarfe biyu a cikin iskar gas. Shi ya sa sai balas ya ɗaga wutar batir daga volt 12 zuwa sama da 20,000 kafin ƙwan ya kama, sannan ya sauko ya tsaya wajen 85. Wat 35 kawai yake ci, amma ya ba da lumen 3,200. Mai sayarwa da ya ce wa abokinka haskenta ya ninka na halojin bai yi ƙarya ba. Jamusawan nan su suka fara sa ta a mota, a BMW jerin 7, cikin 1991, kuma har yau idan ka ga motar da ta fito da ita daga kamfani, haskenta abin sha'awa ne.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙwai ba shi ke kai haske kan titi ba, gidan fitilar ne, wato madubin nan mai sheƙi da ke bayan ƙwan. An ƙera shi ne daidai da inda zaren halojin yake zaune, da tsawonsa, da kaurinsa, ta yadda zai tattara hasken ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya yanke shi daga sama don kada ya shiga idon mai tahowa. Wutar zenon kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce kamar zare, tana ɗan lanƙwasawa sama, kuma ta fi ƙarfi a bakin tsinin biyu. Da ka cusa ta a gidan da ba nata ba, madubin sai ya watsa hasken inda ba a nufa ba. Wani ya zube nan gaban bamba, wani ya haye kan bishiyoyi da allunan talla, wani ya dallare direban da ke zuwa. Mai motar yana ciki yana murna don gabansa ya yi fari fat, alhali wannan farin da ke kusa shi ke sa ƙwayar idonsa ta tsuke, nesa kuma ta ƙara yi masa duhu. Wanda aka kashe wa ido a ɗaya hannun, ko ɗan adaidaita ne ko mai tirela, sai ya yi tafiyar daƙiƙu bai ga komai ba, kuma kai yake fuskanta.

A nan Jamus doka ta rufe maganar. Duk wanda ya sa ƙwan zenon a gidan halojin, izinin hawa titi na motar gaba ɗaya ya faɗi, ba na fitilar kaɗai ba. Idan 'yan sanda suka tare shi akwai tara, ana iya rubuta masa makin laifi a rajistar direbobi da ke garin Flensburg, in kuma haɗari ya faru sai ya sha fama da kamfanin inshora. Ko bai haɗu da ɗan sanda ba, akwai ranar duba mota. Sabuwar mota tana zuwa bayan shekara uku, daga nan kuma duk shekara biyu, a wajen kamfanonin duba mota irin su TÜV ko DEKRA. Mai dubawa yana turo wani akwati mai tayoyi da babban gilashi a gaba, ya tsayar da shi daidai fuskar fitila, a kan daɓen da aka tabbatar ba shi da tudu ko gangare. A cikin akwatin akwai allo mai layi. Ya ce ka kunna dim. Hasken kirki yana fitowa da kaifin iyaka, ƙasa haske sama duhu, ya miƙe a hagu sannan ya ɗan hau a dama don ya haska gefen hanya inda masu tafiya a ƙasa suke. Na zenon da aka cusa kuwa ba ya da iyaka, dunƙulen haske ne kawai ya cika allon. Mutumin ba ya jayayya da kowa. Zai rubuta cewa motar tana da babban aibi, ya hana ka sitikar da ake mannawa a lambar baya, ya ba ka wata ɗaya ka gyara ka dawo. Wani ɗan uwa da ke Ingila ya ce su ma tun 2021 motar da aka yi wa wannan canji ba ta cin gwajinsu na shekara-shekara.

Akwai sharuɗɗa biyu a dokar Turai da na daɗe ina tunanin sun fi dacewa da hanyoyinmu fiye da nasu. Duk fitilar da haskenta ya haura lumen 2,000, dole motar ta kasance da abin wanke fitila, wasu 'yan bututu da ke leƙowa daga bamba su fesa ruwa da ƙarfi, kuma dole fitilar ta riƙa daidaita kanta idan an yi wa mota lodi. Dalilin wankin shi ne datti a kan gilashi yana warwatsa haske, in hasken ya yi yawa sai ya koma makantar da mutane. To su da ruwan sama ke wanke musu titi kusan kowane mako ke nan. Ka tuna yadda gilashin motarka ke komawa kafin ka isa Kwanar Dangora a watan Janairu. Maganar lodi kuwa, ka san yadda ake cika Sharon da fasinja da buhuna har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, hancinta ya kalli sama. Dim ɗin irin wannan mota ya riga ya zama ful, balle a ce zenon ce a ciki. Launin shuɗin da ya burge ka ma ba alamar ƙarfi ba ne. A ma'aunin launin haske, zenon ta kamfani tana wajen 4,300K, fari mai ɗan ɗumi. Waɗanda ake rubuta wa 8,000K ko 10,000K haskensu ya fi rauni, kuma a cikin hazo da ƙura sun fi gajiyar da ido.

Kada ka ɗauka babu kayan banza a Turai. Irin kwalin da ke Kofar Ruwa ko Panteka, shi ne dai a intanet a nan, yawanci daga masana'antun Sin, sai dai a ƙasan tallar a rubuta da ƙananan haruffa cewa ba na hawa titi ba ne. Kwalin gaba ɗaya, da ƙwai biyu da balas biyu, sau da yawa bai kai kuɗin ƙwan zenon guda na manyan kamfanoni irin Osram ko Philips ba, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Jabu ma ya yi yawa har Osram suka sa wata lamba a jikin kwalin zenon ɗinsu da mutum zai shigar a shafinsu ya tantance. Balas mai araha ruwa yake sha da damina ko a wajen wankin mota, ya fara ƙiftawa, wata rana ya ɗauke gaba ɗaya kana tsakiyar gudu. Ga shi zenon tana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ta kai cikakken haske, kuma yawan kunnawa da kashewa yana rage mata kwana, mu kuwa da fitila muke gaisawa da gargaɗi a hanya. Ka ja wa mai wayarin ɗinka kunne shi ma, wayar da ke fita daga balas ba irin wadda ake gwadawa da yatsa ko a goga a jikin bodi ba ce.

Hanyar da doka ta yarda da ita a nan ita ce a canza gidan fitilar ɗungurungum da wanda aka ƙera don zenon, a ƙara na'urar auna lodi a ƙafafun mota, a sa abin wanki, sannan a kai a duba. A tsohuwar mota kuɗin aikin kan tasam ma kuɗin motar, shi ya sa da wuya ka ga wanda ya yi. Ita kanta zenon ɗin tana ja da baya, sababbin motoci LED suke fitowa da ita. Tun 2020 hukumar kula da motoci ta Jamus ta fara amincewa da ƙwan LED na Osram mai shiga gurbin H7, daga baya na Philips ya biyo. Amma amincewar ba ta kowa da kowa ba ce, sai an gwada ƙwan a gidan fitilar kowace irin mota, an fitar da jerin sunaye, kuma direba ya riƙa yawo da takardar a mota.

Wajen aikin hannu kuwa, gida ta fi nan sauƙi nesa ba kusa ba. Gareji a Hamburg sai ka nemi rana tukuna, kuɗin aikin awa ɗaya kan haura Yuro 100, kuma ba sa gyara abu, cirewa suke su sa sabo. Yaron da ke ƙarƙashin bishiya a Kano zai buɗe maka soket da ya ƙone, ya kankare, ya ɗaure, ka tafi kafin la'asar. Wallahi ina kewar wannan, kuma ban ga hannun da ya fi nasu iya aiki a nan ba. Abin da ba su da shi awo ne. A nan duk watan Oktoba, kafin dogon duhun hunturu lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, garejoji da yawa suna duba fitilu kyauta, su saita wadda ta karkace, su manna ɗan tambari a gilashin gaba. Tun 1956 suke yin haka. Manyan titunansu ma yawanci babu fitilun kan hanya, kuma tsofaffin Golf masu halojin suna gudu a kansu cikin dare lafiya lau. Motocin nan su ne wata rana ake lodawa a jirgin ruwa a kawo mana da sunan 'yan Beljiyam. Idan suka iso haskensu ya mutu, ba halojin ɗin ne ya gaza ba, madubi ne ya dushe, waya ta tsufa, saiti ya gudu tun ranar da aka yi wa gaban motar aikin fanabita.

Ga abin da nake so ka yi. Ka sa mai wayarin ya kunna mota da fitila, ya auna wutar da ke isa bakin ƙwan, ya gwada da ta kan batir. Halojin ba ya haƙuri da ƙarancin wuta, idan ta ragu da kashi goma cikin ɗari hasken kan faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. In akwai tazara, a ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta bi ta rile da fiyus, a kuma gyara wayar da ke kama bodi. Waɗanda murfin fitilarsu roba ne, irin su Corolla da Camry da rana ta mayar rawaya, a goge shi sannan a shafa abin kariya, in ba haka ba ba da jimawa ba zai koma yadda yake. Bayan haka sai saiti, kuma bango ya isa. Ka nemi fili shimfiɗaɗɗe da daddare, iskar taya daidai, ka tsaya mita 10 daga bango. Ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa ka ja layi da alli a bangon daidai wannan tsayi. A jikin gidan fitilar za ka ga an rubuta 1,0% ko 1,2%, ma'ana iyakar hasken dim ta sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da layin. Kusoshin saiti suna bayan fitilar. Sannan ɗan abin murzawar nan mai lamba daga 0 zuwa 3 da ke kusa da makunnin fitila, na saukar da haske ne idan ka ɗauki mutane a baya ko ka cika but. In kai kaɗai ne ka bar shi a 0.

Zan sa maka ƙwayayen H7 na asali, irin masu ƙarin haske da doka ta yarda da su, da na ajiya don sun fi na yau da kullum saurin ƙonewa, da rile biyu. Kada a taɓa gilashin ƙwan da hannu wajen sakawa, maiƙon yatsa yana ƙona shi. In madubin cikin naka ya riga ya yi baƙi ko ya fara ɓarewa, babu ƙwan da zai taimaka, sai in nemo maka gidan fitila mai kyau wajen masu kwance motoci. Ka ɗauko mini hoton fitilar ta gaba da rana, da rubutun da ke jikinta, musamman harafin E da ke cikin da'ira da haruffan kusa da shi. HC ko HCR na halojin ne, DC ko DCR na zenon. Ka turo kafin ƙarshen wata, don a lokacin za a rufe kwantenar.