GARGAƊI ga mutanen Maradi: mai saida garin "wankin hanji" ya ci mini jikka 85, Inna na kwance

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Raina a ɓace nake wanga rubutu, in kun ga magana ta hau kan magana ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa.

Jikka 85 na sefa. Jikka 85 wani mutum ya karɓe mini da sunan maganin ƙashi, kuma wallahi da kuɗɗin kaɗai ya ci da na bar shi da Allah na yi shiru, amma ga Inna can kwance huska a kumbure, sukari ya hau, tansiyo ya hau, matar da ba ta taɓa sanin ciwon sukari ba tunda anka haihe ta.

Mutumin shina yawo da farar riga irin ta likitoci, wani lokaci ka gan shi gehen babbar kasuwa wani lokaci wajen tasha, kuma shina da bidiyo da ake ta turawa cikin gurup-gurup na WhatsApp. Abin da yake saidawa koren gari ne cikin ƴar farar roba, an manna mata takarda mai hoton hanji da ƙashin baya, an rubuta da Faransanci wai antiyoksidan, wato abin da ke kare jiki daga sinadarai masu cin shi, na tsirrai zalla. Ba zan sa sunan da ya ba ni ba, maganar tana komisariya, kuma an riga an tabbatar mini sunan ma ba nashi ba ne.

Inna ta daɗe tana fama da baya da gwiwa. Ta fara duƙewa, salla sai a zaune, in za ta alwala sai ta dafa bango tana jan ƙafa. Mun kai ta asibiti anka yi radiyo, likita ya ce ƙashinta ya yi rauni kamar yadda yake samun mata da yawa bayan haila ta ɗauke, ya rubuta mata ƙwayar kalsiyom da bitamin D, ya ce abin na son lokaci. Tana sha, ciwo bai tahi ba. To duk wanda bai taɓa tsayawa shina kallon uwarshi tana cije leɓe don ta tashi daga tabarma ba, don Allah kar ya zo ya ce mini komai.

Don na san me za a ce. An riga an ce ma. Wai kai ɗan boko, kai da ka yi lise har ka ci BAK, mai tallan gari ya wanke ka. To ku saurara. Mutumin nan bai zo mini da maganar aljanu ko sammu ba. Cewa ya yi, "Alhaji, tsohuwarka ba kalsiyom ta rasa ba, hanjinta ne ya yi tsatsa, ko buhu guda ta sha ba ya shiga ƙashi." Ya hiddo takarda mai roba da zanen ƙaramin hanji, ya nuna mini da biro inda kalsiyom ke ratsa bangon hanji ya shiga jini. Ya ce jiki in shina ƙona abinci da iskar da muke shaƙa akwai wasu ƴan sinadarai masu cin jiki da ke hitowa, in sunka hi ƙarhin kariyar da jiki ke da ita shi ne likitoci ke kira istires oksidatif, sai bangon hanjin ya raunana, kuma tsirrai na da abubuwan da ke kashe kaihin su. Har sunaye ya kira mini, kersetin, naringin.

Kuma ban karɓa haka nan ba. Ban karɓa ba! Daren nan na zauna da salula na bincika, na tarar maganar akwai ta. Akwai masu bincike a jami'ar Kordoba ta ƙasar Ajantina da sunka daɗe suna aiki kanta, sun nuna in anka rage gulutatiyon, abin da ƙwayoyin hanji ke kare kansu da shi, to kalsiyom ɗin da hanji ke ɗauka na raguwa, in anka ba da kersetin ko naringin sai abin ya daidaita. Kersetin shina cikin albasa, wagga albasar da ake lodi daga Galmi, naringin kuma cikin wani babban lemu mai ɗaci. Na ga abin da idona a rubuce. To ku gaya mini wane ne zai ga haka ya ce ƙarya ne? Mutum ya faɗi magana, ka je ka bincika, ka tarar da ita yadda ya faɗa har da sunayen, me ya rage maka ka yi?

Amma ba takardar ce ta sa na saki jiki ba, zuwan da ya yi gida ne. Shi ne abin da ke hana ni barci. Ya hau kabu-kabu ya zo har unguwarmu bayan la'asar, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gaban Inna gwiwa biyu a ƙasa ya ce "Inna ina wuni, ki ɗauke ni ɗanki, tawa uwar ma da wanga ciwo ta rasu, shi ya sa na shiga wanga aiki." Ya riƙe hannunta shina latsa yatsunta a hankali. Inna ta sa mishi albarka, ta sa anka dama mishi hura. Da zai tahi na miƙa mishi kuɗɗin kabu-kabu ya mai da hannuna ya ce haba Alhaji, a kan Inna? Dala ɗari ya ƙi karɓa. Mutumin da ya ƙi karɓar dala ɗari shi ne ya tahi da jikka 85. Ina ta juya wannan durƙuson a kaina, ina neman inda ya kamata a ce na ga alama a huskarshi, wallahi babu, ko wa ke tsaye wurin sai ya yarda da shi, yayana ma da ke ta surutu yanzu da shina nan da shi zai fara sa hannu aljihu.

Na farko jikka 25, roba biyu. Cokali ɗaya sahe ɗaya dare cikin ruwan ɗumi. Ya ce ta aje ƙwayar asibiti don wai suna faɗa da garin, kuma ta bar shan nono don wai nono na toshe hanji. Wannan sharaɗin na nono, a'a ba ranar farko ya faɗa ba, sai da ya kawo na biyu, ko ta bokal ne ma ya turo, zan duba, duk suna cikin salulata. Ko ma yaushe ne dai ya faɗa, kuma Inna ta bari, matar da ba ta wuni ba ta sha hura da nono ba.

Kuma ciwo ya tahi. Wannan ne abin da masu zagi ba su so su ji. Cikin ƴan kwanaki Inna ta tashi ta yi salla a tsaye, ta shiga madafa da kanta, cin abinci ya buɗe. Ƙanwata har kuka ta yi don murna. Maƙwabta sunka riƙa shigowa suna tambaya me munka ba ta, na ba mutane nimeronshi da hannuna, wannan shi ya hi ƙona mini rai, shi ya sa nake wanga rubutu. Da ya ce sai an yi zagaye na biyu mai ƙarhi, jikka 35, ban yi gardama ba, wa zai yi gardama shina ganin uwarshi tana tahiya? Rabin kuɗɗin adashen ƙanwata ne. Jikka 25 da jikka 35, jikka 60 ke nan.

Huskarta ta fara cika munka ce lahiya ce ta dawo. Sai ciki ya yi girma, ƙafahu kuma suna ramewa, ƙishirwa ba ta ƙarewa, hitsari dare duk, fata ta yi laushi in ta ɗan bugi ƙofa sai wurin ya yi baƙi. Na kira shi ya ce dattin hanji ne ke hita, a ci gaba. Kahin wannan ne ma ko bayan shi, eh kahin shi ne, ya ce kaya sun ƙare shina Katsina wajen sarowa, in tura jikka 25 ta transfe ya aje mini na ƙarshe don mutane na rububi. Na tura. Rasit ɗin na nan. Jikka 25 ɗin nan ko ƙurar garin ban gani ba. Jimla jikka 85.

Ranar da jiri ya kada ta munka kai ta asibiti, likita na ganin huskarta ya ce me take sha. Na miƙa mishi robar. Ya ce alamomin nan duka na kortikoyid ne, irin deksametazon, wagga ƙwayar da wasu mata ke sha don ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, kuma ba yau anka fara daka ta cikin garin ganye ba don tana kashe ciwo nan da nan mai saye ya ga kamar mu'ujiza. Da munka koma gida ƙanwata ta zuba sauran garin cikin rariya ta tankaɗe, koren ya wuce ƙasa, sai ga ƴan gutsattsarin farar ƙwaya sun rage a sama, ɗaya ma da rabin layin nan na tsakiyar ƙwaya a jikinshi. Na ɗauki hoto. An karɓi robar za a yi analiz, in sakamako ya hito zan sa shi nan.

Abin da likita ya gaya mini bayan nan ne ya sa jikina ya mutu. Ya ce kortikoyid in an daɗe ana sha shi da kanshi shina rage kalsiyom ɗin da hanji ke ɗauka, ya ƙara wanda ke zubewa cikin hitsari, ya cinye ƙashi. Wato mai raunin ƙashi ita ce ta ƙarshe da ya kamata a ɗura wa shi ba bisa ƙa'ida ba. Na biya jikka 85 ana ƙara lalata ƙashin uwata, an kuma hana ta nono da ƙwayar da ke taimakonta.

Na nuna wa likitan binciken da na karanta, don ina so ya san ba da ka na yi ba. Ya ce binciken gaskiya ne, amma a kan ƴan tsaki da ɓeraye anka yi shi cikin labo, an fara ba su sinadarin da zai raunana hanjin da gangan sannan anka ba su kersetin tsantsa da awo, ba a ce wani koren gari cikin roba zai gyara ƙashin tsohuwa ba. Wannan ɗan guntun bayani shi ne macucin ya ɓoye. Likitan ya ce kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki cikin ƙashi da haƙora yake, kuma ko hanjin mai lahiya wajen kashi 30 cikin 100 na abin da anka ci kaɗai yake ɗauka, in an tsufa ya ƙara raguwa. Babban mai buɗe wa kalsiyom hanya a farkon ƙaramin hanji bitamin D ne, fata ke yin shi in rana ta taɓa ta, hanta ta juya shi, ƙoda ta ƙarasa. Mace mai shekarun Inna tana son miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kofin nono na kwatan lita kuma na ba da wajen 300. Nonon nan ne macucin ya hana ta.

Kuma ko da a ce ganyen zalla ne babu ƙwaya, ba kowane ganye ke ba da kalsiyom ɗin da ke cikinshi ba. Akwai masu sinadarin oksalat da ke riƙe shi ya wuce ta bayan gida, alayyahon Turawa wajen kashi 5 cikin 100 kaɗai jiki ke samu, namu alayyahon ma shina da oksalat ɗin. Gero da dawa suna da wani mai kama da shi a dusarsu, jiƙa hatsi da barin shi ya yi tsami na rage shi. Zogale da kuka da albasa abinci ne masu kyau, likita ya ce ta ci cikin miya da kwaɗo yadda ta saba, na dala ashirin ya isa. Na dala ashirin. Ni kuwa jikka 85.

Yanzu nimeron macucin ba ya shiga, ya toshe ni a WhatsApp, wurin da yake tsayawa gehen kasuwa masu tebur sun ce sun kwana biyu ba su gan shi ba, wani ya ce an gan shi wajen Tibiri ranar kasuwa, wani ya ce Dan Isa. Yayana ya kira daga Agadas shina ta faɗa kamar ni na daka ƙwayar. Inna kuwa ko kalma ɗaya ba ta ce mini ba sai "Allah ya isa tsakanina da yaron nan, na ba shi hura da hannuna." Gwiwa biyu fa ya durƙusa. Ya ce ki ɗauke ni ɗanki.

Hotunan hirarmu, bokal ɗinshi, rasit ɗin transfe na jikka 25, hoton robar da na rariyar, duk zan sa su da zarar komisariya sun ce in sa.

In akwai mai shan wanga gari a gidanku kar ku yanke mishi shi kai tsaye, likita ya ce tsai da kortikoyid farat ɗaya na iya kada mutum har ya halaka, a hankali ake rage shi. Ku ɗauki robar da mai shan ku tahi asibiti yau. Duk wanda ya ce ku aje maganin likita ku kama nashi, ku kore shi. Waɗanda na ba nimeronshi na kira wasunku, wasu ban same ku ba, don girman Allah ku neme ni. Wanda kuma ya gan shi da farar rigar nan ko a wace kasuwa ya yi mini magana ta inbos, ko ƙarhe nawa ne.